Shekarar Girbi a Jikin Gwangwanin Tabar Lofe: Wa Take Yi wa Aiki?

Masu shan lofe a Amurka da Turai sun saba tambayar juna irin ganyen da ke cikin haɗin da suke sha: Virginia ne, Burley ne, ko an sa Latakiya? Yanzu wata tambayar ta ƙaru a kan wannan, wato shekarar da aka girbe ganyen. Kamfanoni sun ga inda iska ta kaɗa, suka shiga fitar da haɗi 'yan kaɗan, su buga shekarar girbi a jikin gwangwani, su ɗora kuɗi, kafin ka ce kwabo kaya ya ƙare. A ganina lambar nan ta fi yi wa mai sayarwa aiki fiye da mai saye.

Ba na musun cewa da tsohuwar zuma ake magani. Ganyen da aka busar jiya yana da kaifi da maƙaƙi, yana cizon harshe. Idan aka danne shi aka ajiye da ɗan danshinsa, sannu a hankali kaifin zai lafa, ƙamshi ya fito. Virginia ne ya fi cin moriyar wannan jira, domin da zafin wuta ake busar da shi cikin kamar mako guda, sukarin da ke jikinsa ya tsaya bai ƙone ba, har yakan kai kashi 20 cikin 100. Duk wanda ya taɓa ganin an buɗe gwangwanin Virginia mai shekara goma ya san ba tatsuniya ba ce. Murfin yakan ɗan kumbura, ya yi tsaki idan aka ɓalle shi. Yankan tabar da ya shiga yana rawaya ya koma ja mai duhu, ya manne da juna, takardar da aka naɗe shi da ita ta rine da mai.

Sai dai ba kowane ganye ne tsufa ke yi wa rana ba. Burley, da ake shanyawa a inuwa iska ta busar da shi, sukarinsa kaɗan ne, saboda haka sauyin da yake yi bai taka kara ya karya ba. Latakiya kuwa, wanda asalinsa Siriya ne kafin yawancin aikinsa ya koma tsibirin Saifurus, turara shi ake yi da hayaƙin itatuwa na tsawon watanni. Ƙaurin nan shi ne darajarsa, kuma raguwa yake yi da shekaru. Tabar da aka fesa wa ƙamshin 'ya'yan itace ita ma dusashewa take yi. Perique na yankin St. James a jihar Luwiziyana ya gama tsumuwarsa tun kafin ya iso hannun mai haɗi: a cikin gangar itacen oak ake matse shi, a kwance, a juya, a sake matsewa, har kusan shekara guda, ya fito baƙi mai ƙarfin wari kamar daddawa. Wanda ya ce maka haɗinsa ya shekara takwas, sai ka tambaye shi, wanne daga ciki?

Labarin kamfanin McClelland na birnin Kansas shi ne ya fi tsaya mini a rai. An kafa shi a 1977, ya yi suna da jan Virginia, kuma ya rufe a 2018. Masu shi, Mike da Mary McNiel, sun bayyana cewa ganyen da suka dogara da shi ya daina samuwa, suka zaɓi rufewa a kan su sayar da abin da bai kai ba. Nunar ganye a gona ita ce ta gagare su, lokacin ajiya ba shi ne matsalarsu ba. Taba daga ƙasa take fara nuna ta yi sama, kuma a da manomi kan zaga gona sau da yawa yana tsinkar wanda ya nuna kaɗai. A 2004 Amurka ta soke tsarin ƙayyade yawan tabar da manomi zai noma, kasuwannin gwanjo suka mutu, noma ya koma na kwangila da manyan kamfanonin sigari, waɗanda yawa da araha ne a gabansu. Ƙaramin mai haɗi da ke zaga tsibin taba yana shafawa yana zaɓa ya rasa wurin zuwa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: ganyen da aka tsinka ɗanye, ko ya shekara ashirin a sito, tsohon ɗanyen ganye ne.

Akwai kuma batun wanda ke ɗaukar nauyin jira. Al'adar masana'antar ita ce a cusa ganye cikin manyan gangunan katako masu cin kilo kusan 450, ya yi shekara biyu zuwa uku kafin a taɓa shi. Wannan jari ne a kwance, ga kuɗin sito, kuma kamfani ne ke biya. Yau mashaya da yawa sun karɓi wannan aikin da hannu bibbiyu. Suna sayen gwangwani goma, su sha ɗaya, su jera tara a ɗaki, ko su juye a kwalabe su rubuta kwanan wata a murfi. Tsoro ma yana cikin abin, domin a 2018 ma aka daina fitar da tabar lofe mai sunan Dunhill, jama'a suka yi ta wawaso. Idan mai saye ya saba jin cewa taba mai kaifi za ta gyaru bayan shekara biyar, kamfani ya samu uzurin da ba ya ƙarewa. Ya karɓi kuɗinsa yau, hukunci kuwa sai an jima.

Lambar shekara ita kaɗai ba ta faɗin komai game da dalilin tsufan. Wani ganyen an keɓe shi ne don kyawunsa, wani kuma kwantai ya yi a sito don babu wanda ya taya. Dukansu za su iya ɗaukar shekara ɗaya a jikin gwangwani. Ba ta kuma rage illa: ganye mai shekara goma yana jawo cutar dajin baki da maƙogwaro da huhu kamar sabo, kuma tsadarsa ba ta sa ya zama magani.

Abin da nake so daga masu haɗi bai da wuya. Wanda zai buga shekara, ya faɗi wane ganye ne ke da ita, kashi nawa ne a cikin haɗin, a ina aka noma shi, kuma a wane hali aka ajiye shi. Tabar da aka fitar kasuwa ta kasance ta shirya tun ranar da aka rufe gwangwani. Idan sai mai saye ya jira shekara biyar kafin ta yi daɗi, to a rage masa kuɗin jiran, tunda shi ne mai sito.