Gangar Lantarki da Gangar Fata: Sharhi a kan Zaɓin Makaɗin Zamani

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce auna wata magana da ta yi ƙarfi a bakin masu shirya waƙa a situdiyo, wato cewa gangar lantarki ta gaje gangar fata, ba sauran dalilin wahala da ice da ƙirgi. A namu ganin, maganar tana da ƙamshin gaskiya idan jerin gangunan Turawa ake nufi, amma ta yi rauni ƙwarai da zarar an kawo ta kan kalangu da kotso. Za mu fara da bayanin na'urar, sannan mu duba inda ta yi zarra da inda ta gaza.

2.0 Asalinta da Yadda Take Aiki

A shekarar 1976 aka fitar da gangar Syndrum a Amurka. A 1981 kamfanin Simmons na Ingila ya kawo SDS-V mai faya-fayai masu kusurwa shida. A 1997 kuma kamfanin Roland na Japan ya fito da V-Drums, wadda aka yi wa fuska da raga a maimakon roba, don makaɗi ya ji ta a hannu kamar fata.

Faifan da ake duka ba shi ne ke ba da amo ba. A ƙarƙashinsa akwai 'yar na'ura mai jin girgiza, ita ce ke aika saƙo zuwa akwatin sauti, shi kuwa ya saki amon da aka riga aka adana masa. A tsarin MIDI na asali, wanda ya bayyana a 1983, ƙarfin kowane duka lamba ce tsakanin 1 da 127. Ashe ke nan mai kiɗa ba ya ƙirƙirar amo, zaɓensa yake yi daga rumbu. A nan ya kamata mu bambanta wannan ganga, wadda mutum ke kaɗawa da hannunsa, da kiɗan da ke fitowa a shirye daga fiyano, irin wanda ya mamaye waƙoƙin finafinan Hausa tun daga ƙarshen shekarun 1990. Sai dai rumbun da suke ɗiba iri ɗaya ne.

3.0 Inda Ta Yi Zarra

Ba ma musun amfaninta. Mai koyo yana iya sa abin sauraro a kunne ya yi ta duka da dare maƙwabta na barci, ko da yake ƙarar fedar ƙafa takan ratsa daɓen bene. Laimar damina ba ta sassauta mata fuska, busasshiyar iskar hunturu ba ta ɗaure ta, balle a nemi wuta ko rana a gasa fata kafin a fara wasa. Wajen ɗaukar sauti kuma, waya ɗaya ta wadatar a inda gangunan ice ke neman makirufo da yawa da ɗaki na musamman. Amma fa komai nata ya rataya ne a kan lantarki, kuma duk wanda ya taɓa ganin an ɗauke wuta ana tsakiyar biki ya san nauyin wannan sharaɗi.

4.0 Inda Ta Gaza

Gangar Bature aikinta riƙe lokaci da ƙawata shi. An ɗaure kowace a kan amo guda, don haka ɗaukar amon nan a adana ba ya rage mata abu mai yawa. Kalangu kuwa magana yake yi. Hausa harshe ne mai karin sauti: akwai karin sama, da na ƙasa, da faɗau. Alal misali, wuya ta jiki sama-ƙasa ce, wuya ta wahala kuwa ƙasa-sama. Makaɗin kalangu yana matse tsarkiyoyin da hammatarsa fata ta ɗaure amo ya hau, ya sassauta amo ya sauka, har ma yakan karya amon bayan makaɗi ya riga ya sauka a kan fatar. Da haka yake fitar da taken ɗan dambe ko na mahauci, mai take ya ji an kira shi ba tare da an buɗe baki ba. Faifai mai auna ƙarfin duka kaɗai ba shi da labarin abin da hammata ke yi.

Haka abin yake a kiɗan fada. Kotso irin na Musa Ɗanƙwairo da yatsu ake kaɗa shi, kuma wurin da yatsa ya faɗa, tsakiya ko gefe, yana cikin abubuwan da ke sauya murya. Wanda kuma ya saurari Mamman Shata da kyau zai lura kalangan suna amsa masa ne, suna jira idan ya tsaya, suna ingiza shi idan ya hau. Kiɗan da aka shirya tun kafin a buɗe baki ba ya jira, mawaƙi ne ke binsa.

Rumbun kansa ma abin dubawa ne. Jerin kayan kiɗa na General MIDI da aka tsayar a 1991 yana da amo 47 na abubuwan duka, ciki har da konga da bongo na Kuba, amma babu ganga mai magana ko ɗaya. Gaskiya ne an yi ƙoƙarin toshe wannan giɓi: Wavedrum ta kamfanin Korg a 1994 da HandSonic ta Roland a 2000 suna jin dannawar hannu, suna sauya amo da ita. Wannan ci gaba ne. Duk da haka, danna faifai da tafi daban, matse ganga da jiki daban, kuma gwanintar da aka gada ta hammata ce.

5.0 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, shawararmu ga mai zaɓe ita ce ya fara tambayar kansa aikin da yake so gangar ta yi. Idan riƙe lokaci ne, ko koyo, ko aikin situdiyo, to ya duba abu uku: fuskar raga ta fi ta roba, faifan da ke bambanta tsakiya da gefe ya fi mai wuri guda, akwatin sautin da ke karɓar amon da mutum ya ɗauka da kansa ya fi wanda yake a kulle. Idan kuwa take da kirari ake nema, fata ba ta da magaji tukuna.

Abin da muke jin tsoro shi ne a wayi gari amon kalangu yana cikin kowace kwamfuta, amma babu yaron da ya san taken gidansu. Don haka muna kira ga sassan koyar da Hausa da su ɗauki take daga hannun makaɗan da suke raye, tare da fassararsa da sunan mai shi, tun kafin amo ya rage ma'ana ta tafi.