Sifofi Ashirin da Tambayoyin da Suka Haife Su

Ina ɗan shekara goma sha huɗu na fara zama a darasin tauhidi a zauren wani dattijon malami a unguwarmu. Kafin ya ambaci ko sifa ɗaya ta Ubangiji, sai ya jawo butarsa ya ajiye a gabanmu, ya ce, "Samari, wannan butar dole ne ta kasance a nan?" Muka ce a'a, Malam, da an bar ta a bakin rijiya ma ba abin da zai ɓaci. Ya ce, "To, rabin huɗu fa, yana iya zama wani abu ban da biyu?" Muka ce ba ya yiwuwa. "Butar nan tana iya kasancewa tana motsi kuma tana tsaye cik a lokaci guda?" Nan ma muka ce a'a. Da tambayoyi uku ya shigar da mu hukuncin hankali: ja'izi, wajibi da mustahili. Na daɗe kafin na gane cewa abin da ya ba mu a safiyar nan ya fi duk jerin sunayen da muka haddace daga baya daraja.

Littafin da ke hannunsa shi ne Ummul Barahin, wanda ake kuma kira Sugura, na Imamu Muhammad bin Yusuf as-Sanusi, mutumin Tilimsan a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 1490. Ɗan ƙaramin littafi ne, 'yan shafuka kaɗan, amma daga Fas har Borno da Bagarmi shi ne ƙashin bayan karatun aƙida na ƙarnoni. A cikinsa aka tsara sifofi ashirin da suka wajaba ga Allah: samuwa ita kaɗai a gefe, sai biyar masu kore tawaya, wato rashin farko, rashin ƙarshe, saɓa wa halittu, tsayuwa da kai da kaɗaitaka, sai bakwai na ma'ani, iko, nufi, sani, rayuwa, ji, gani da zance, sai wasu bakwai da ke lizimtarsu. Kowace tana da kishiyar da ta koru a kansa. Murshidul Mu'in na Ibnu Ashir da Jauharatut Tauhid ta Laƙƙani, waɗanda almajiranmu ke rerawa, duk wannan turbar suka bi. Wanda ya ga jerin a tsare haka zai ɗauka a ɗakin karatu aka ƙirƙiro shi cikin natsuwa. Alhali kusan kowace sifa a ciki tabo ce ta wata gardama da aka sha wuya a kanta.

Tambayoyin farko daga jini suka fito. Bayan yaƙin Siffin a 657, lokacin da musulmi suka ɗaga takobi a kan juna, dole a tambaya: mai babban zunubi yana nan mumini? Hawarijawa suka ce ya fita. Murji'a suka ce a bar hukuncinsa ga Allah. A majalisin Hasanul Basri, wanda ya rasu a 728, aka ruwaito cewa Wasil bin Aɗa'u ya ajiye shi a wani matsayi tsakanin biyun, ya ware gefe da nasa almajiran, daga nan sunan Mu'utazila ya bi su. Maganar ƙaddara ma ba ta rabu da mulki ba, domin idan duk abin da sarki ya aikata rubutacce ne, da wane baki talaka zai zarge shi? Ga kuma malaman Kirista a Dimashƙa da Bagadaza, masu gogewa a mantiƙin Girkawa, suna tambayar ko Kalmar Allah halitta ce ko dauwamammiya. Wannan tambayar ce ta koma bulala a 833, da Halifa Ma'amun ya tilasta wa alƙalai da malamai su furta cewa Alƙur'ani halitta ne, Imamu Ahmad bin Hambal ya ƙi, aka ɗaure shi, aka kuma yi masa dukan da tarihi bai manta ba a zamanin Mu'utasim. Duk sanda yaro a zaure ya ce zancen Allah ba harafi ba ne ba sauti ba, amsar Ash'arawa ce yake maimaitawa ga rigimar nan, ko da bai taɓa jin labarinta ba.

Abul Hasan al-Ash'ari, jagoran Ash'arawa, shi kansa ɗan gidan Mu'utazila ne har ya kai wajen shekara arba'in. Malamai suna kawo hikayar rabuwarsa da malaminsa Jubba'i, kuma ko yaya ingancinta yake, ta kama zuciyar matsalar. Mu'utazila sun ce wajibi ne Allah ya yi wa bawa abin da ya fi masa maslaha. Sai almajirin ya kawo misalin 'yan'uwa uku: ɗaya ya mutu salihi, ɗaya fasiƙi, ɗaya yana yaro. Idan yaron ya nemi darajar yayansa salihi, aka ce ba ka yi aikinsa ba, zai ce ai ba a bar ni na girma ba. Malamin ya ce za a gaya masa an san da ya girma da ya lalace, ɗauke shi da wuri gata ne. To fasiƙin fa, in ya ɗaga murya daga cikin wuta ya ce don me ni ba a yi mini wannan gatan ba? Nan malamin ya rasa ta cewa. Abin da ke burge ni a hikayar shi ne da hankali aka nuna iyakar hankali. Ash'ari bai ce a daina tunani ba. Makamin abokan gardamarsa ya ɗauka ya juya shi. Sai dai gaskiya ita ce hikayar ta rushe amsa guda ne kawai, ba ta kwantar da ƙunar uwar da ta binne jaririnta ba, kuma ilmin kalamu, wato wannan fanni na kafa aƙida da hujjar hankali, bai taɓa ƙwarewa a wannan fagen ba. Masu tasawwufi da masu wa'azi ne suka ɗauki nauyin.

Ginshiƙin ginin duka shi ne hujjar faruwar duniya. Kowane jiki, in ji malaman kalamu, ba ya rabuwa da halaye masu zuwa su wuce, kamar motsi da tsayuwa. Halayen nan muna ganin farawarsu da ido. Abin da ba ya rabuwa da fararre kuwa shi ma fararre ne. Duk fararre samuwarsa da rashinsa kunnen doki suke, don haka sai an sami wanda ya rinjayar da ɗaya a kan ɗaya, kamar yadda ma'auni ba ya karkata da kansa. In wannan mai rinjayarwa shi ma fararre ne, sai a nemi nasa, a yi ta komawa baya ba iyaka ko a yi ta zagaye, duka biyun kuwa mustahili ne. Hujja ce mai tsabta, kuma har yau masana falsafar addini a jami'o'in Turai da Amurka suna tattauna wani reshe nata da sunan kalamu. Amma ba ta tsira daga suka a cikin gida ba. Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya ce hanyar ta yi wa gama-gari wuya, ga masana kuma ba ta kai yankan shakku ba, ya fifita hujjojin da Alƙur'ani ke jawo hankali gare su, na tsarin halitta da kulawar da ke cikinta. Ibnu Taimiyya ya soke ta ta wata fuskar daban. A zaurenmu ba a taɓa gaya mana an soki hujjar ba. Wannan rashi ne babba, domin wanda bai san inda igiyarsa take da rauni ba, ranar da aka ja ta da ƙarfi zai ɗauka rijiyar ce ta kafe.

Wurin da na fi ganin sawun wannan karatu a bakin Bahaushe shi ne maganar sababi. Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga a littafinsa na rushe falsafawa: abin da ido ya gani shi ne ƙuna ta zo tare da haɗuwarsu, bai ga wutar ta halicci ƙunar ba. Malamanmu suka mai da shi karatun yau da kullum, wuƙa ba ta yanka da kanta, abinci ba ya ƙosarwa da kansa, Allah ne ke halittar abin a lokacin haɗuwar. Suka sa masa suna hukuncin al'ada. Wasu na ɗora wa wannan koyarwa laifin sakacinmu da magani da tsafta da gyaran hanya, kuma ina fahimtar dalilinsu, don na sha jin an rufe bakin mai tambaya da "haka Allah ya so" bayan gini ya rufta saboda an rage siminti. Amma koyarwar ba ta ce haka ba. Cewa ta yi al'adar tana gudana ba fashi sai inda mu'ujiza ta keta ta, don haka mai zuba hannu a wuta yana jiran kada ta ƙone shi ya jahilci sunnar Allah a halittarsa. Rabin darasin aka riƙe, aka yar da rabi.

Cutar da ta fi kama wannan ilmi ita ce komawarsa jarrabawa. Sanusi ya tsananta a kan mai taƙlidi, wanda ya yi imani ba tare da sanin dalili ba, sai wasu daga baya suka ɗauki tsananin suka wuce gona da iri. A cikin Fulani akwai karatun Kabbe, sharhin Sugura da Fulfulde, wanda Muhammad al-Wali na Bagarmi ya mayar da shi Larabci a ƙarshen ƙarni na 17. Zuwa zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo an sami ɗalibai masu tare manomi ko makiyayi su yi masa tambayoyin aƙida da lafuzzan littafi. In ya kasa, sai su ce ba musulmi ba ne, ba a cin yankansa, ba a ba shi aure. Shehu, wanda shi kansa Ba'ash'are ne mai karantar da sifofin nan, ya tsaya tsayin daka a kansu. Ɗansa Muhammadu Bello ya ambata a Infaƙul Maisur cewa ya yi rubuce-rubuce wajen hamsin kan wannan fitina, kuma Hisnul Afham na cikin littattafan da ya warware irin waɗannan ruɗe-ruɗe. Matsayinsa a fili yake: wanda ya furta shahada ya bayyana Musulunci, musulmi ne, kuma tsohuwar da ta kalli sama da ƙasa ta san suna da Mai yi ta riƙe dalili ko da ba ta iya jera shi. Wannan bai sa gidan Shehu ya rufe ƙofar zurfafa tunani ba. Jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya zauna a Salame ya rasu a 1864, ya yi rubutu a kan asalin samuwa da matakan halitta, irin su Kulliyyatul Alamis Sitta, aikin da har yau kaɗan ne cikinmu suka buɗe.

Daga shekarun 1970, da fitowar Al-Aƙidatus Sahiha ta Shaihu Abubakar Gumi a 1972 da kafa Izala a Jos a 1978, wani tsarin ya shigo makarantun Islamiyya: tauhidi kashi uku, rububiyya, uluhiyya da sunaye da sifofi, tare da Kitabut Tauhid da Wasiɗiyya. Ya zo da nasa ƙarfin, musamman wajen ɗaure kowace magana da aya ko hadisi. Abin da ya dame ni shi ne tsohuwar cutar ta bi sabon jerin kamar yadda ta bi tsohon. Da ana tare mutum da "kawo sifofi ashirin", yanzu ana tare shi da "ina Allah yake?", kuma a duka biyun amsar ake jira don a yanke masa hukunci.

A halin nan tambayoyin asali sun dawo ta wayar hannu. Wata ɗalibar jami'a, 'yar ƙanwata, ta same ni bara da maganar da ta gani a Facebook: in komai yana da mai yi, wa ya yi Allah? Ta ce ta tambaya a makarantarsu an ce ta yi ta'awwuzi ta bar zancen. Hadisin da ya yi umarni da haka ingantacce ne, kuma magani ne ga waswasin da ke kai-komo ba ya neman amsa. Ita kuwa wani ne ya shirya mata shubuha da hujja, tana bukatar a warware mata. Na jawo kofin shayin da ke gabana na ajiye, na ce, "'Yata, wannan kofin dole ne ya kasance a nan?" Muka bi ta ja'izi, muka kai ga cewa malaman kalamu ba su taɓa cewa komai yana da mai yi ba, abin da ya fara samuwa bayan babu shi suke nufi, kuma jerin masu aro ba ya ƙarewa sai a kan mai abin kansa. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta tambaye ni me ya hana jerin ya tafi baya ba iyaka. Tambayar da Ibnu Rushdi ya matsa wa Gazali da ita ke nan, ita kuwa ba ta taɓa jin sunan ko ɗaya cikinsu ba. Muna kan wannan gaɓar aka kira sallar isha'i.