Nazari a Kan Yankan Katako Daidai da Fuskar Bango

Daga cikin mas'alolin da kan tunkari kafinta idan an kira shi gyaran tsohon gida, akwai wadda ake rainawa saboda ƙanƙantarta, alhali kuwa a kanta ake rarrabe wanda ya fahimci sana'a da wanda ya haddace ta kurum: ita ce yadda za a datse katakon da ya leƙo daga jikin bango, bakin azara ne ko ragowar tsohuwar taga, har ya zo daidai da fuskar bangon, ba a bar tudu ba, ba a kuma ƙwarzane shafe ba.

Asalin mushkilar yana cikin halittar zarton da muka saba da shi. Maƙera sun karkatar da haƙoransa, ɗaya dama ɗaya hagu, domin tsagar da yake yi ta fi kaurinsa faɗi, kada ya cije a cikin itace. To, wannan hikima da ke amfanar sa a kan benci ita ce aibinsa a jikin bango, domin da zarar an kwantar da shi, rabin haƙoran za su ci bangon, mariƙinsa kuma ya tokare ya hana shi kwanciya. Ma'abota wannan sana'a sun kasu mazhabobi uku wajen neman mafita, kowacce da hujjarta da kuma iyakarta.

Ta farko ita ce ta masassaƙan Japan, ƙasar da ginin katako na Horyu-ji yake tsaye fiye da shekara 1,300. Su zartonsu yana yanka ne yayin da ake jawo shi, kuma tun da ƙarfe miƙewa yake yi idan an ja shi, ya lanƙwashe idan an tura shi, sai suka sami damar ƙera shi siriri ƙwarai, wani ma bai kai rabin milimita ba. A cikin ire-irensa akwai wanda suke kira kugihiki, wanda haƙoransa ba su karkata ko'ina ba, aka kuma yi shi domin datse turakun katako da suke haɗa gini da su; mai aiki yakan danne shi da yatsu ya kwanta sumul a kan abin da ake son kiyayewa, ya yanke wanda ya leƙo, ba tare da ya bar ko ɗigon tabo ba. Sai dai ba shi da sauri, yakan maƙale a katako mai kauri, kuma ƙusa guda ta isa ta zubar masa da haƙora.

Ta biyu ta fito daga Amurka, inda a 1951 kamfanin Milwaukee ya fitar da zarton lantarki mai kai-komo mai suna Sawzall. Doguwar wuƙarsa takan lanƙwasu ta bi bango, tana cin katako da ƙusoshin da ke cikinsa baki ɗaya, amma da yake don rushe-rushe aka yi shi, girgizarsa mai tsanani ce, kuma idan bakinsa ya daki wani abu mai tauri yakan zabura a hannu. Saboda haka muhallinsa shi ne inda za a sake yin shafe daga baya.

Ta uku kuwa daga asibiti ta samo asali. Kamfanin Fein na Jamus, wanda aka kafa a birnin Stuttgart a 1867, ya ƙera a 1967 wani zarto na tsaga filastar da ake ɗaure karaya da ita, wanda bakinsa ba ya juyawa, sai dai ya yi ta kaɗawa dama da hagu da ɗan taƙi ƙanƙane, wajen sau 20,000 a minti guda, ta yadda abu mai tauri yakan yanku, fata kuwa ta bi motsin ta tsira. Daga nan dabarar ta shiga hannun masu gyaran mota, sannan magina, kuma da wa'adin haƙƙin ƙirar ya cika sai kamfanoni da yawa suka shiga yin irinsa. Wuƙarsa tana da gwiwa, haƙoranta suna gaba, don haka takan kwanta a bango ta kutsa lungun da hannu ba ya kaiwa. Illarsa ita ce ba ya fitar da garin katako sosai, wanda ya matsa masa zai ƙone itacen ya kashe wuƙar, ita kuwa ba ta da araha.

Idan aka zo tarjihi, kuskuren masu koyo shi ne su dubi katakon su tambayi abin da zai fi saurin cin sa, alhali katakon nan tafiya zai yi, bangon ne zai zauna. Malaman usulu sun kafa ƙa'idar cewa kawar da ɓarna yana gaba da jawo amfani, kuma hukuncin nan ya hau wannan aiki daidai. Wajibi ne a fara sanin abin da bangon ya ɓoye, wayar lantarki ko bututun ruwa, sannan a san abin da zai iya jurewa. Soron ƙasa irin na Kano ko Zariya ko Damagaram, wanda aka rufe da azarar giginya saboda gara ba ta cin ta da sauƙi, hujja ne a kan haka: taurin azarar yana kira ga inji mai ƙarfi, amma ƙasar da ta riƙe ta tana iya tsagewa da girgiza, yashin shafen kuma yana dakusar da kowane haƙori.

Don haka ƙwararru ba su cika dogara ga makami guda ba. Sukan sanya ɗan fallen kwano tsakanin bango da wuƙa, su yanke mafi yawan katakon da abin da ya fi sauri, su bar ɗan saura kamar kaurin farce, sannan su bi shi a hankali da zarton hannu ko magagari har ya daidaita. Wannan tertibi yana ƙara ɗan lokaci a kan aikin, amma ya fi sauƙi bisa ga kiran magini ya gyara bangon da ba shi aka zo gyarawa ba.