Kwamfuta ta san suna, amma ba ta san rijiya ba

Akwai dabarar da masu bincike ke yayi: a zuba wa kwamfuta dubban labarai, ta tsamo sunayen wurare, a ƙirga inda aka fi ambaton fari ko ambaliya, sai a zana taswirar inda sauyin yanayi ke barazana ga ruwa. Da Hausa ma za a iya, tunda kundin MasakhaNER na 2021 ya sa ta cikin harsunan Afirka 10.

To amma akwai gyara. Rukuni huɗu kundin ke koya wa na'ura: mutum, ƙungiya, wuri da kwanan wata. In ta ga "Chadi", ƙasar ce ko tafkin? "Haɗeja" fa, garin ko kogin? Ai a wajenta duk "wuri" ne.

Babbar matsalar kuwa, jarida abin da ya fashe take bi. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, Maiduguri ta cika labarai. Amma kachalar da ke toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, ko rijiyar da ake ƙara wa igiyar guga duk shekara, wa ke rubuta su? Taswirar inda 'yan jarida suka taka kawai za ta nuna. In da ita hukuma ta raba rijiyoyin burtsatse, ƙauyen da ba a ambata ba ya tashi a tutar babu.

Dabarar na da amfani, amma fa sai an haɗa ta da awon ruwan sama, zurfin rijiyoyi, da abin da manoma da masunta suka gani da idonsu.