Jinjina ga masu renon 'yan ƙwallo a Garwa

A shekarar 2010, da Kamaru ta tafi gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu, ɗan wasa ɗaya tak ta ɗauka daga cikin masu buga ƙwallo a gida: Vincent Aboubakar, yaron Coton Sport ta Garwa, mai shekara 18. A wasan farko Japan ta doke su da ci ɗaya, ta ƙafar Keisuke Honda, wanda shi ma a lokacin a waje yake taka leda, a Rasha.

Daga nan Aboubakar ya bi ta Valenciennes da Lorient a Faransa, ya wuce Porto, sannan Beşiktaş ta Turkiyya. Shi ya zura wa Masar ƙwallon da ta bai wa Kamaru kofin Afirka na 2017, ana dab da tashi. A 2022 kuma ya girgiza ragar Brazil a Qatar.

To amma wa ke tuna masu horarwar da suka tsaya kansa cikin zafin ranar Garwa? Su nake yi wa jinjina. Ƙungiyar Coton Sport da aka kafa a 1986, da tallafin kamfanin auduga na Sodecoton, ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, inda Al Ahly ta fi ƙarfinta. Mai tsaron gidan Nijar, Kassaly Daouda, shi ma ya tsare mata raga. Aikin nan haƙuri yake ci, ga shi da yaro ya nuna sai Turai ta ɗauke shi. Jama'ar Garwa, ku riƙa cika filin Roumdé Adjia, kada a jira sai yaranku sun fito a talabijin.