Bakin Mai Bindiga a Tafin Hannu: Nazari Kan Shirin BBC Game da Zamfara

A watan Yulin 2022 sashen binciken BBC Africa Eye ya saki shirin "The Bandit Warlords of Zamfara", wanda Yusuf Anka, ɗan jihar kuma ɗalibin shari'a a lokacin, ya jagoranta. Mafi yawan waɗanda na san sun kalle shi a Ƙaura Namoda da Kuryar Madaro ba a talabijin suka gan shi ba. A waya ya same su, shi ma guntu-guntu, kuma a nan nazarina zai fi tsayawa.

Shirin ya cancanci yabo ta fuskar jarumta. Ya shiga daji ya ji ta bakin Ado Aleru da Abu Sani, wanda ya yi iƙirarin hannu a sace 'yan matan makarantar Jangebe a Fabrairun 2021. Ya kuma faɗi abin da mutanen gari ba su cika son ji ba, wato cewa makiyaya ma suna da gawarwakinsu, kuma ɗaukar doka a hannu da 'yan sa-kai suka yi ta ƙara wa wutar itace. Wanda ya kalle shi daga farko har ƙarshe zai fita da nauyi a zuciya, ba da sha'awar kowa ba.

Sai dai akwai rauni a rabon magana. Mai bindiga yana zaune cikin natsuwa, kyamara ta kusance shi, yana jero hujjojinsa. Wanda aka zalunta kuwa galibi cikin kuka ko ruɗewa muke ganin sa. Na farko an ba shi harshe, na biyu an bar shi da hawaye. A cikin cikakken shiri, muryar mai gabatarwa tana daidaita wannan rinjaye. Amma da zarar wani ya yanko minti ɗaya ya tura a WhatsApp ko TikTok, muryar ta ɓace, sai a bar mutum da bindigarsa da alfaharinsa. Guntun ya zama talla, tallar da ba a biya ko sisi ba.

Mu a ƙasar nan mun san darajar a ambaci sunan mutum a bainar jama'a. Narambaɗa, ɗan Tubali ta ƙasar Shinkafi, ya ɗaukaka sunan Sarkin Gobir na Isa Amadu har ya wuce zamaninsa. Amma makaɗin fada yana da ubangida sananne, kuma fada tana da ladabin da ke taka wa baki birki. Yau mai riƙe da daji ba ya jiran maroƙi. Bello Turji, wanda sunansa ya addabi Shinkafi da Zurmi, yakan yi wa kansa kirari a bidiyo, mu kuma mu yi masa shela kyauta da yatsunmu, ko da muna tsine masa ne muke turawa.

Martanin hukuma ya fi shirin rauni. A Agustan 2022 hukumar NBC ta ci tarar naira miliyan 5 kan kowace daga cikin kafofin da suka haska shirin, haka ma Trust TV saboda nata shirin da ta zanta da Turji. An hukunta akwatin talabijin, alhali shirin yana nan a YouTube, tarar ma sai ta ƙara masa masu nema. Irin wannan tunani ne ya sa aka katse layukan sadarwa a Zamfara a Satumbar 2021, aka kuma rufe kasuwannin mako. Mai sayar da albasa ya rasa hanyar jin farashi, mai POS ya nade tebur, mai ɗan'uwa a hannun 'yan bindiga sai ya yi tafiya zuwa wata jiha kafin ya buga waya. Gusau ce aka fara mayar wa layi a farkon Oktoba, ƙauyuka suka ci gaba da zama shiru.

Abin da nake nema ga mai shirya irin wannan aiki nan gaba shi ne ya tsara kowane minti da sanin cewa za a yanke shi a raba shi da sauran. In zai ba Aleru minti biyar ya yi bayani, to ya zaunar da manomin Zurmi a inuwa, bayan kuka ya lafa, ya ba shi minti biyar shi ma ya faɗi nawa aka sa wa ƙauyensu kafin a bar su su girbe gero.