Itace a Bakin Makaɗi: Nazari daga Ƙasar Rano da Kibiya

A shekarar 1924 wani makaɗin ƙasar Italiya mai suna Ottorino Respighi ya shirya kiɗa mai kashi huɗu a kan dogayen itatuwan birnin Rum. Kashi na farko ya danganta shi da lambun shaƙatawa na Villa Borghese, inda yara ke wasa a ƙarƙashin itatuwa. A kashi na uku har faifan garmaho ya sa aka kunna domin a ji kukan tsuntsu na gaske a cikin kiɗan. Mun kawo wannan misali ne saboda wata tambaya da takan taso a tsakanin masu nazarin adabin baka, watau me ya sa ba a samun irin wannan a wajen makaɗan Hausa? Wasu sukan amsa da cewa Bahaushe bai damu da itace ba sai in zai sare shi. A cikin wannan maƙala za mu yi ƙoƙari mu nuna cewa amsar ba daidai ba ce, kuma ita kanta tambayar an ɗora ta a kan karkataccen tushe.

Abu na farko shi ne, mutumin Yalwa a ƙasar Rano da Kibiya ba ya bukatar a keɓe masa lambu kafin ya zauna da itace. Gonarsa ita ce lambunsa. Manomi yakan bar ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo a tsakiyar hatsinsa da gangan, kowanne da amfaninsa: kalwa ta daddawa, ganyen kuka na miya, tsamiya ta kunu. Wanda ya tashi a haka ba ya kallon itace daga nesa kamar hoto. Ya san halinsa yadda ya san halin maƙwabcinsa. To, wannan hali shi makaɗi ke ɗauka ya ɗora wa ɗan Adam.

Mu ɗauki gamji, domin a nan ne maganar ta fi armashi. Kowa ya san makaɗan fada sun liƙa wa Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wannan suna, har bayan rasuwarsa a 1966 ya zauna masa kamar sunan yanka. Galibin masu sharhi sukan ce siffantawa ce, ma'anarta girma da inuwa, daga nan sai su wuce. A ganinmu sun tsaya a rabin hanya. Gamji ɗan gidan su durumi da ceɗiya ne, kuma sau da yawa ba daga ƙasa yake fara rayuwa ba. Tsuntsu ne ke yar da ƙwayarsa a kan wani itace, ya tsira a can, ya saki saiwoyi zuwa ƙasa, ya rungume mai masaukinsa sannu a hankali har ya shafe shi. Saboda haka idan makaɗi ya kira ubangidansa gamji, abu biyu ya faɗa da kalma guda: ya yi wa talakawa albishir da inuwa, ya kuma yi wa abokan hamayya gargaɗi. Yabo ne da habaici a dunƙule. Manomin da ya taɓa ganin gamji ya haɗiye wani itace yana jin duka biyun ba tare da an yi masa fashin baƙi ba. Abin ban sha'awa kuma, wannan kirari ya je ya zama sunan wurin shaƙatawa a bakin kogin Kaduna, wanda jama'a suka sani da Gamji Gate. A Rum lambu ne ya haifi kiɗa. A Kaduna kuwa sunan da makaɗa suka yayata ne ya koma kan lambu.

Haka giginya take a wajen zambo. Tsawonta ya sa inuwarta ba ta faɗa wa na gindinta, don haka ta dace da mai kuɗin da danginsa ba sa morar sa. Gawo kuwa, mai kakkaɓe ganye da damina ya yi kore da rani, shi ne mutumin da ba ya bin ayari.

Har ila yau akwai wani fage da ba za a tsallake shi ba, ko da yake mun san ba kowa ke son a tabo shi a taro irin wannan ba. Masu garaya da masu goge na bori suna ambaton tsamiya da kuka a matsayin mazaunin iskoki, kuma Fremont Besmer ya yi nazarin waɗannan makaɗa na Kano a littafinsa na 1983. Tarihin Kano ma ya nuna tun zamanin Barbushe itace na da wannan matsayi, har zuwa lokacin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, da aka sare itacen tsafi aka gina hasumiya a wurinsa. Ba muna kiran kowa ya koma ga wannan ba ne. Muna cewa ne wanda bai san shi ba, ba zai gane dalilin da ya sa ambaton tsamiya a waƙa yake da nauyin da ambaton darbejiya ba shi da shi ba.

Daɗin daɗawa, itacen yana cikin sautin kansa. Da alilliba ake sassaƙa kwangon ganguna, da ƙirya ake yin turmi da taɓarya waɗanda mata ke lugude da su. Kiɗan Respighi yana kwaikwayon itace ne da kayan kiɗa. A nan kuwa itacen ne ake bugawa.

Matsalar da ke gabanmu, mu malaman kwalejojin ilimi, ita ce ɗalibin da za mu tura ya koyar da Hausa a firamare. Yana iya ware kamantawa daga siffantawa a takardar jarrabawa, amma a kai shi gona a ce ya nuna gamji, sai ya nuna ceɗiya. Tun bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 noman rani ya faɗaɗa a wannan yanki, ga kuma masu itacen wuta da masu gawayi da ke ciyar da birnin Kano. Muna ba da shawara duk wanda zai rubuta kundi a kan waƙar fada ko ta noma, a wajabta masa ya je da ƙafarsa wajen manoma da masassaƙa na Rano da Kibiya, ya tambaye su halin kowane itace da ya ji sunansa a waƙar, ya rubuta amsarsu a gefen ɗiyan waƙar kafin ya fara sharhi.